Dokar daraf a ƙwallon Amurka: ba a haramta wa ɗan wasa wasa don ya ƙi ƙungiyar da ta zaɓe shi

Duk ƙarshen watan Afrilu sai bidiyon nan na daraf, taron zaɓen sababbin 'yan wasan ƙwallon Amurka, ya sake zagayowa a zaurukan WhatsApp: matasa ƙarfafa sanye da kwat, ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya hau dandamali a miƙa masa riga da hula, iyaye suna kuka. Daga nan sai sharhi ya ɓarke. Wani ya ce gwanjon bayi ne aka yi wa kwalliya. Wani ya ce duk yaron da ya ƙi ƙungiyar da ta kira sunansa an kore shi daga wasan har abada. A gidan kallon ƙwallon unguwarmu har na ji ana rantsuwa cewa tsarin na nan tafe Turai, Arsenal da Barcelona za su daina sayen 'yan wasa.

Da a nan maganar ta tsaya da na bar ta. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ɗan yayata, dogon yaro mai buga ƙwallon kwando, da ya same ni da dare yana nuna mini saƙo a wayarsa. "Kawu, wai wani mutum ne ya ce zai sa sunana a jerin daraf na bana, kuɗin fom ne kawai da na biza." Na karɓi wayar na karanta, na ga an riga an turo masa lambar asusu. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Wasan da ake magana a kai ba tamaular da muka sani ba ce. Ƙwallon Amurka ce, mai kama da zari-ruga, wadda ake bugawa da hular kwano. Babbar gasarta ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32, kowace da 'yan wasa 53 a jerinta na kaka. Hanya biyu ce babba ta tara waɗannan mutane: ko ƙungiya ta zaɓo sababbi a taron shekara-shekara da suke kira daraf, ko ta je kasuwa ta ɗauko waɗanda kwantaraginsu ya ƙare suka samu 'yancin kansu.

Daraf ya fara a 1936. Yanzu zagaye bakwai ake yi, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe, wadda ta ci kofin Super Bowl ta zo ƙarshe. Wanda ya cancanci shiga shi ne wanda ya yi shekara uku da gama sakandare, kuma kusan dukkansu daga ƙungiyoyin jami'o'in Amurka suke fitowa. Ƙungiyoyi ne ke zaɓe bayan masu farautar gwanaye sun yi shekaru suna bin yaro, suna kallon wasanninsa, suna auna gudunsa da lafiyarsa. Babu wani fom da mutum zai saya a Kano ko Legas ya sa ƙungiya ta kira sunansa. Wakilin ɗan wasa na gaskiya sai ƙungiyar 'yan wasan NFL ta ba shi lasisi, kuma ladansa bai wuce kashi uku cikin ɗari na albashin da ya samo wa ɗan wasan ba. Ga 'yan ƙasashen waje akwai shiri na musamman da NFL ta buɗe a 2017, ta kuma yi sansanin gwaji a Accra a 2022 ƙarƙashin jagorancin Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya kuma ci Super Bowl sau biyu da New York Giants. Wannan ita ce ƙofar. Christian Okoye, haifaffen Enugu, da Kansas City ta zaɓa a 1987, ta jami'a ya bi. Na faɗa wa ɗan yayata haka, ya goge lambar.

Sai batun kora har abada, wanda ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ƙungiya ke samu idan ta zaɓi yaro shi ne damar yin ciniki da shi ita kaɗai na tsawon shekara guda. Ba ta da ikon tilasta masa sa hannu. Idan ya ƙi, ba zai buga wa wata ƙungiyar NFL a wannan kakar ba sai in wadda ta zaɓe shi ta yi musayarsa, amma shekara na zagayowa sunansa zai koma cikin daraf, kowa ya iya zaɓensa. An yi haka a zahiri. A 1986 Tampa Bay ta zaɓi Bo Jackson a lamba ta ɗaya, ya ce ba ya yi, ya tafi ya buga wani wasan daban, a 1987 Raiders ta zaɓe shi ya buga mata. John Elway ya ƙi Baltimore a 1983, aka yi musayarsa zuwa Denver. Eli Manning ya ƙi San Diego a 2004, a ranar aka miƙa shi ga New York Giants. Tarar da mutane ke ji ana ambata, dala dubu 50 a kowace rana, tana hawa kan wanda ya riga ya sa hannu a kwantaragi sannan ya ƙi zuwa sansanin atisaye. Wanda bai sa hannu ba babu tara a kansa.

To amma kada a ɗauka wannan 'yanci ne cikakke. Mutum uku da na ambata duk a lamba ta ɗaya aka zaɓe su, suna da ƙarfin da za su ja da ƙungiya. Yaron da aka kira a zagaye na shida, idan ya zauna shekara guda a gida, mai yiwuwa ba wanda zai sake tuna sunansa. Kuma ko ya sa hannu, ba shi da bakin ciniki sosai, domin tun 2011 an ƙayyade albashin sababbi gwargwadon lambar da aka zaɓe su. A 2010 Sam Bradford, wanda aka zaɓa na ɗaya, ya samu kwantaragin shekara shida na dala miliyan 78. Shekara ɗaya bayan haka Cam Newton, shi ma na ɗaya, ya samu miliyan 22 a shekara huɗu. Kowane zaɓaɓɓe shekara huɗu yake sa hannu, kuma 'yan zagayen farko ƙungiya na da ikon ƙara musu ta biyar idan ta ga dama, ko suna so ko ba sa so.

Nan ne sirrin gina ƙungiya yake. Akwai iyakar albashi da kowace ƙungiya ba za ta tsallake ba a shekara. Ta fara a 1994 da dala miliyan 34.6, a 2024 ta kai miliyan 255.4. Tunda aljihun kowa daidai yake, wanda ya samu gwani da araha shi ke gaba. San Francisco ta zaɓi Brock Purdy a lamba ta 262 a 2022, mutum na ƙarshe a daraf ɗin gaba ɗaya. Ya jagorance ta har wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2024 yana karɓar abin da bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba, alhali takwarorinsa na karɓar miliyan arba'in zuwa hamsin. Rarar kuɗin nan ita ƙungiyar ta zuba wa sauran taurarinta. Kasuwar masu 'yanci kuwa tsada gare ta, kuma akwai kasada: Washington ta ba Albert Haynesworth kwantaragin dala miliyan 100 a 2009, bayan kaka biyu suka rabu baram-baram. Wani lokaci kuma kasuwar kan yi rana, kamar yadda Tom Brady ya koma Tampa Bay a 2020 ya ci mata kofi a kakarsa ta farko.

Masu cewa "ai da kwantaragi ya ƙare shi ke nan, ya tafi inda ya so" suna auna NFL da ma'aunin Turai ne. A Turai, tun hukuncin Bosman na 15 ga Disambar 1995, ɗan wasan da kwantaraginsa ya ƙare yana tafiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ko sisi ba, kamar yadda Mbappé ya koma Real Madrid a 2024. A NFL sai an duba kaka nawa mutum ya tara, kuma kaka ba ta shiga lissafi sai ya kasance a jerin masu cikakken albashi na aƙalla wasa shida. Mai ƙasa da kaka uku, in ƙungiyarsa ta yi masa tayin mafi ƙarancin albashi, ba shi da ikon magana da kowa. Mai kaka uku zai iya neman tayi a waje, amma ƙungiyarsa na da damar biyan daidai abin da aka taya ta riƙe shi. Sai mai kaka huɗu ne ke samun cikakken 'yanci. Wannan ma ba kyauta aka ba su ba. Sai da 'yan wasa suka yi yajin aiki a 1987, suka kai ƙara kotu, Freeman McNeil da abokansa suka yi nasara a 1992, sannan aka sasanta a 1993, Reggie White ya bar Philadelphia ya koma Green Bay a kan dala miliyan 17.

Ko mai kaka huɗun ma akwai sharaɗin da ke iya tare masa hanya, kuma shi ne ya fi rikita mutane. Ni dabaibayi nake kiransa. Kowace shekara ƙungiya na da ikon ɗaura shi a ƙafar mutum ɗaya daga cikin waɗanda kwantaraginsu ya ƙare. Za ta biya shi albashin shekara guda wanda ake lissafawa daga abin da manya biyar masu buga gurbinsa ke karɓa, ko kuma albashinsa na bara da ƙarin kashi 20 cikin ɗari, duk wanda ya fi yawa. A nau'in da aka fi amfani da shi, an yarda ya saurari tayin wasu ƙungiyoyi. Sai dai duk wadda ta ɗauke shi, idan ƙungiyarsa ta ƙi biyan daidai tayin, dole ta ba da zaɓenta na zagayen farko har guda biyu a matsayin diyya. Wannan farashi ne da kusan ba mai iya biya. A 2023 Baltimore ta ɗaura wa Lamar Jackson, wanda ya taɓa zama gwarzon gasar gaba ɗaya, kuma babu ƙungiya ko ɗaya da ta miƙa masa tayi a rubuce. A ƙarshe da Baltimore ɗin ya daidaita.

Mutane kan ce ai kuɗi ne mai yawa, me zai dame shi? Gaskiya ne kuɗin na da yawa, kuma tabbatacce ne da zarar ya sa hannu. Amma na shekara ɗaya ne, a wasan da karo ɗaya kan iya tsinka jijiyar gwiwa. Abin da ɗan wasa ke nema a kasuwa shi ne dogon kwantaragi mai kuɗin da aka lamunce masa ko ya ji rauni, kuma dabaibayi na hana shi wannan a daidai shekarar da farashinsa ya fi tsada. Ana iya sake ɗaura masa a shekara ta biyu da ƙarin kashi 20, ta uku da ƙarin kashi 44. Kirk Cousins ya jure sau biyu a Washington, 2016 da 2017, Allah ya tsare shi daga rauni, ya fita ya samu dala miliyan 84 tabbatattu a Minnesota. Le'Veon Bell kuwa ya ƙi sa hannu a karo na biyu a Pittsburgh, ya zauna kakar 2018 gaba ɗaya, ya yi asarar dala miliyan 14.5. Ba a ci shi tara ba, ba a kore shi ba, amma bai sake komawa ganiyarsa ba.

Hukunci mai tsanani yana kan ƙungiyar da ta yi zawarcin ɗan wasan wata ta bayan fage. Kwana biyu kacal kafin buɗe kasuwa a watan Maris aka yarda a fara magana da wakilan waɗanda za su samu 'yanci. A 2022 an samu Miami da laifin tuntuɓar Tom Brady yana ƙarƙashin wasu ƙungiyoyin, aka ƙwace mata zaɓen zagayen farko na 2023 da na zagaye na uku na 2024, aka ci mai ƙungiyar, Stephen Ross, tarar dala miliyan ɗaya da rabi, aka kuma dakatar da shi na wani lokaci.

Batun kawo tsarin Turai kuwa, magoya bayan Arsenal su kwantar da hankalinsu. NFL rufaffiyar gasa ce, babu faɗuwa babu hawa, kuma jami'o'i ne ke raino mata yara. A Turai ƙungiyoyi ke rainon nasu tun suna ƙanana, ƙasashe da yawa ne kowace da dokarta, ga kuma dokar Tarayyar Turai da ta ba ma'aikaci 'yancin neman aiki inda ya so.

A Amurkar ma daraf ba dokar gwamnati ba ce. A shekarun 1970 kotu ta taɓa yanke cewa tsarin na wancan lokacin ya saɓa wa dokar hana danniya a kasuwa. Abin da ke kare shi yau shi ne yana cikin yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi suka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa, kuma kotuna na mutunta irin wannan yarjejeniya. Da ita aka kayar da Maurice Clarett a 2004, lokacin da ya ƙalubalanci sharaɗin shekara uku. Na yarda tsarin ya yi adalci tsakanin ƙungiyoyi, shi ya sa ƙaramin gari kamar Green Bay ke iya karawa da New York. Abin da ban yarda da shi ba shi ne waɗanda ke zama a teburin ciniki duk sun riga sun shiga gasar, yaron da ke jami'a ba shi da kujera, kuma albashinsa aka fara yankewa a 2011. Lissafin da ƙungiyar 'yan wasan ta daɗe tana bayarwa ya nuna matsakaicin ɗan wasa shekara uku da 'yan watanni yake yi a gasar, ga shi 'yanci sai an cika huɗu. Yarjejeniyar da ake aiki da ita an sa mata hannu a 2020, za ta kai har kakar 2030, kuma kafin nan shekara huɗun da dabaibayin duk suna nan yadda suke.