Kuɗin Gwamnati a Binciken Cutar Mutuwar Jijiyoyin Motsi

Cutar mutuwar jijiyoyin motsi, wadda likitoci ke taƙaita sunan nau'inta mafi yawa da ALS, ciwo ne da ke kashe jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka. Takan soma ne a ɓoye: silifa ta riƙa suɓucewa daga ƙafa, ko butar alwala ta gagari hannu, daga baya harshe ya yi nauyi, mutum ya riƙa ƙwarewa da ruwa, alhali galibi hankalinsa na nan daram. Yawancin masu ita kan rasu cikin shekara 2 zuwa 5. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana ta tun 1869, amma har yau ba ta da maganin warkarwa. Maganin Riluzole, da Amurka ta amince da shi a 1995, 'yan watanni kawai yake ƙara wa majinyaci.

Da yake masu cutar ba su da yawa, kamfanonin magani ba su cika hango riba a cikinta ba, don haka nauyin bincike ya fi komawa kan baitulmali da masu taimako. Gangamin watsa wa kai ruwan ƙanƙara na 2014 ya tara wa ƙungiyar ALS ta Amurka dala miliyan 115. A Nuwamban 2021 gwamnatin Birtaniya ta yi alkawarin fam miliyan 50 cikin shekara 5, sannan a Disamban shekarar Amurka ta kafa dokar da ta ba da damar kashe dala miliyan 100 duk shekara.

A Najeriya, Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa na Ibadan sun wallafa nazari kan cutar tun 1974. Sai dai a ƙauyukan Zamfara sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin shanyewar jiki ko sammu, kuma wanda ya kai asibitin tarayya na Gusau ma yana bukatar ƙwararren likitan jijiya kafin a tantance ta. Jihar na da dalili na musamman na neman asusu irin TETFund, na gwamnatin tarayya mai tallafa wa manyan makarantu da bincikensu, ya waiwayi wannan fanni, domin dalma na cikin abubuwan da masana ke zargi da ƙara haɗarin cutar, ga shi kuma gubar dalma ta 2010 ta ratsa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. Waɗanda suka tsira yanzu samari ne da 'yanmata, kuma bin diddigin lafiyar jijiyoyinsu aiki ne na shekaru masu yawa da gwamnati kaɗai ke iya ɗaukar nauyinsa.