Me dokar Turai ke nema daga masu sayar da ƙwayoyin nano?

Tun ranar 1 ga Janairun 2020, kamfanin da ke ƙera sinadari a Tarayyar Turai ko yake shigo da shi, matuƙar ya kai tan ɗaya a shekara, dole ya sanar da hukumar kula da sinadarai ta Turai, ECHA, da ke Helsinki idan sinadarin na zuwa a siffar nano. Wannan gyara ne da aka yi wa dokar sinadarai ta REACH a Disambar 2018. Ita REACH ta fara aiki ne a 2007, kuma ƙa'idarta ba ta da wuyar ganewa: in ba ka kawo bayanin lafiyar kayanka ba, ba za ka shiga kasuwa da su ba.

Abin da ake kira nano shi ne sinadarin da aƙalla rabin ƙwayoyinsa, in aka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, girmansu ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kaurin silin gashi ya kai wajen nanomita 80,000.

A da, sunan sinadari ya wadatar. Yanzu sai kamfani ya faɗi girman ƙwayoyin, da siffarsu, mulmulallu ne ko masu kama da zare, da faɗin jikinsu, da abin da aka shafa musu a jiki. Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaƙale ne. Ba haka ba ne, kuma dalilin yana cikin jikin ɗan Adam.

Da zarar ƙwayar nano ta shiga jini ko ruwan huhu, nan take furotin iri-iri ke rufe ta ruf, kamar ƙudaje a kan zuma. Masana sun raɗa wa wannan lulluɓi suna kambin furotin tun 2007. Ƙwayar halittar jiki da wannan riga take gaisawa, da ita take yanke ko za ta haɗiye baƙuwar ko za ta kira sojojin garkuwa. Sauya abin da aka shafa wa ƙwayar, sai rigar ta sauya, gubar ma ta sauya, alhali sunan sinadarin yana nan yadda yake. Shi ya sa dokar ta hana kamfani ɗaukar sakamakon gwajin wata siffa ya liƙa wa wata, sai ya kawo hujjar kimiyya cewa halinsu ɗaya.

Akwai wani wuri da gyaran ya burge ni. Gwajin Ames, wanda aka daɗe ana dogara da shi wajen gano sinadarin da ke lalata ƙwayoyin gado, da bakteriya ake yin sa. Ita kuwa bakteriya ba ta iya haɗiye ƙwayoyin nano, don haka sakamako zai iya fitowa fes alhali haɗarin na nan. Dokar ta ce inda wannan gwaji bai dace ba, a yi da ƙwayoyin halittar dabbobi masu shayarwa. Ta kuma ba shaƙa ta hanci muhimmanci, domin ma'aikacin da ke juye buhun hodar ta huhu take riskarsa.

Inda nake ganin da sauran aiki shi ne nazarin furotin da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki. A ɗakin gwaji ana iya zuba ƙwayoyin nano a kan ƙwayoyin halittar huhu, a jira kwana ɗaya, a farfasa ƙwayoyin halittar, a auna dubban furotin a lokaci guda. Ana ganin waɗanda suka ƙaru domin yaƙi da kumburi, da waɗanda suka lanƙwashe ba daidai ba, tun ƙwayar halittar ba ta mutu ba. Wannan gargaɗi ne da ke zuwa da wuri, kuma yana rage yawan ɓerayen da ake kashewa. Amma dokar ba ta sa shi cikin gwaje-gwajen dole ba. Kamfani na iya gabatar da shi a matsayin ƙarin hujja, misali wajen nuna cewa siffofi biyu halinsu ɗaya a cikin jiki. Abin da ke riƙe shi shi ne rashin daidaitacciyar hanya da kowane ɗakin gwaji zai bi ya samu amsa iri ɗaya, kuma a ganina nan ya kamata a zuba kuɗin bincike.