Bakin giris a tsofaffin motoci da matsalar toshewarsa

Bakin giris ɗan ƙaramin ƙarfe ne da ake ɗaurawa a gaɓoɓin sitiyari da ƙafafun mota, domin a riƙa ɗura giris ta cikinsa ba tare da an kwance gaɓar ba. A cikinsa akwai ƙwallon ƙarfe da sifirin yake tokarewa. In famfon giris ya matsa, ƙwallon ya ja baya giris ya wuce, in an cire famfon kuma ya koma ya rufe hanya don kada ƙura da ruwa su shiga.

Kafin a ƙirƙiro shi, motocin farko suna da 'yan kofuna ne da ake cika wa giris, a riƙa murɗa murfinsu da hannu. Arthur Gulborg na birnin Chicago a Amurka ya fito da dabarar tura giris da famfo a 1916, kuma a kanta kamfanin Alemite ya yi suna. Oscar Zerk, haifaffen Vienna a 1878, ya gyara fasalin bakin, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1929. Har yau Amurkawa da sunansa suke kiran wannan ƙarfe. A Ingila kamfanin Tecalemit ne ya yaɗa shi.

Motocin zamanin da sun dogara da shi ƙwarai. Ford Model A, wadda aka ƙera daga 1927 zuwa 1931, ana ɗura mata giris duk bayan mil 500, yawancin motocin Amurka na shekarun 1950 kuma duk mil 1,000. A 1961 Ford ta fara tallata motoci masu kaiwa mil 30,000 kafin a ɗura, daga nan kuma gaɓoɓi rufaffu suka yi ta maye gurbin masu baki. Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Legas a 1975, ta ci gaba da riƙe bakunan giris a ƙarfen ƙafafunta na gaba.

Giris mai ne da aka kaurara da wani irin sabulu, na lithium ko calcium ko sodium. Motar da ta daɗe a ajiye, man cikin giris ɗinta yakan tsiyaye ya bar sabulun, shi kuma ya haɗu da ƙura da tsatsa ya daskare. Gauraya giris iri biyu da ba sa jituwa ma yana kawo haka. Wani lokaci ƙwallon ne ya yi tsatsa ya maƙale, wani lokaci fenti ne ya rufe bakin. A kinfin kuwa, wato sandar ƙarfen da ƙafar gaba take juyawa a kanta, bushin, wato zoben da sandar take ciki, yakan juya a mazauninsa har raminsa ya kauce wa ramin giris, kuma wannan babu ƙarfin famfon da zai magance shi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a gane inda toshewar take, a bakin ne ko a bayansa. Ana fara goge bakin, a danna ƙwallon da tsinken ƙarfe. In giris bai shiga ba, sai a kwance bakin a gwada shi a famfo shi kaɗai. In ya fitar da giris, lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin gaɓa. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure: su sayi sabon baki su ɗaura, alhali busasshen giris yana nan a hanyarsa.

Gaɓar da nauyin mota ya danne ba ta barin wurin da giris zai ratsa. Don haka ake ɗaga motar da jak, a sa mata matokara masu ƙarfi, a riƙa juya sitiyari dama da hagu ana ɗurawa. In hakan bai yi ba, a sakace ramin da siririyar waya, a zuba mai mara kauri ko kananzir, a bar shi ya jiƙa. Akwai wani ƙaramin kayan aiki da ake cika wa mai, a ɗora kan bakin, a buga da guduma, man ya huda daskararren giris. Ɗumi kaɗan yana taimakawa, amma wuta kusa da roba, tiyon birki ko bututun fetur ganganci ne. Famfon hannu yana iya kai matsin da ya haura 600 a ma'aunin matsi na bar, wanda ya isa ya fasa robar boljoyin, wato gaɓa mai ƙwallo ta ƙafar mota, ya kuma tura giris cikin fatar mutum, raunin da ke buƙatar likita nan take.

Wajen canji, a lura da zaren bakin, wato tsagin da ake murɗa shi da shi cikin raminsa. Na Amurka, na Ingila da na mita sun yi kama a ido, amma tilasta wani a ramin wani yana cinye zaren. Kuma ba kowane baki ne na giris ba. Gaɓar ƙasa ta ƙafar gaba a Triumph Herald da Spitfire man giya mai lamba 90 ake ɗura mata, domin giris yakan bushe a zarenta ya bar shi yana ci, har ƙarfen ya karye ƙafar ta zube mota na cikin tafiya. Littafin kowace mota yana nuna adadin bakunanta da irin man da kowanne yake so.