Shin Birtaniya ta halatta sauya halittar jarirai?

Tun da hukumar magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta amince da maganin Casgevy a watan Nuwamban 2023, ake ta yaɗa cewa Turawa sun halatta wa iyaye su zaɓi irin jaririn da suke so a ƙera musu. Masu faɗin haka sun cakuɗa abubuwa biyu.

Casgevy na masu sikila ne da masu cutar jini ta talasemiya, 'yan shekara 12 zuwa sama. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su da fasahar CRISPR, wato hanyar gyara ƙwayoyin gado, don su riƙa samar da irin sinadarin jinin da ɗan tayi ke da shi, sannan a mayar masa. Gyaran a jikinsa yake tsayawa. 'Ya'yansa za su iya gadon sikila, don haka gwajin jini kafin aure yana nan daram.

Batun ɗan tayi kuwa, dokar Birtaniya ta 1990 da aka yi wa kwaskwarima a 2008 ce ke hukunci. Ta haramta sanya wa mace ɗan tayin da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Wanda ya yi, ɗaurin da zai sha yana iya kaiwa shekara 10. Ƙofa ɗaya aka buɗe a 2015, ta dashen da ake yi da ƙwan wata mace daban, wanda ke kare jariri daga wasu munanan cututtukan da ake gada ta wajen uwa kaɗai.

Inda ake ruɗewa shi ne sashen bincike. Hukumar HFEA, mai sa ido kan harkar ɗan tayi a Birtaniya, tana iya ba masana lasisin gyara ɗan tayi a ɗakin gwaji, kuma ta ba cibiyar bincike ta Francis Crick a 2016. Amma ba a barinsa ya wuce kwana 14, ba a kuma kai shi mahaifa. Duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba saboda addini, yana da hujjar da ya kamata a saurara. Sai dai wannan binciken ya bambanta da abin da wani masanin kimiyya, He Jiankui, ya yi a Chaina a 2018, inda aka haifi tagwayen da ya sauya wa ƙwayoyin gado, kotu ta ɗaure shi shekara 3.

A ganina dokar ta yi daidai, domin gyaran ɗan tayi yana bin zuriya, kuma jikan da ba a haifa ba babu wanda ya nemi yardarsa. Abin da ke ci min rai shi ne kuɗin. A Amurka farashin Casgevy dala miliyan 2.2 ne, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila.