Baƙin Mai da Lokacin Juye a Tsohuwar Motar da Ba ta Yawan Fita

Baƙin mai, ko man inji, shi ne man da ake zuba wa injin mota domin ya shiga tsakanin ƙarafan da ke gugar juna, ya rage musu zafi, ya kwashe dattin ƙuna, ya kuma hana tsatsa. Fitar da tsohon a zuba sabo shi ake kira juye. Da abu biyu ake auna lokacinsa: nisan da motar ta yi, da watannin da man ya kwashe a cikin inji, kuma wanda ya riga cika shi ake bi. A tsohuwar motar da ba ta cika fita ba, irin ta ɗan fanshon da sai Juma'a ko ranar asibiti yake tayar da ita, watannin ne ke riga cika, su ne kuma aka fi mantawa da su.

Lambobin jikin galan

Lamba irin 20W-50 ko 5W-30 ma'aunin kauri ce da ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE a Amurka ta tsara. Lambar farko mai harafin W tana nuna saurin gudun man idan inji ya kwana ya yi sanyi. Ƙanƙantarta na nufin zai fi saurin isa saman inji da an murza makulli. Ta biyu kaurinsa ne a zafin digiri 100. Sanyin Katsina da Daura, ko a tsakiyar hunturu, ba ya kai inda lambar farko za ta zama abin damuwa. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, shi ya sa ake fi duba ta biyu.

Akwai kuma haruffan API, na cibiyar man fetur ta Amurka, masu nuna ingancin sinadaran da aka haɗa man da su. Waɗanda suka fara da S na injin fetur ne, masu C na dizal. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A injin fetur, sabon mataki yana maye gurbin na baya, don haka motar da littafinta ya ce SJ za ta sha SN ba matsala. Akasin haka ne ba a yi.

Wane mai ya dace

Abin da kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta shi ne tushe, kuma sau da yawa yana nan a jikin murfin zuba mai ko da littafin ya ɓace tun a Kwatano. A gareji da yawa al'adar ita ce kowace mota a ɗura mata 20W-50, da hujjar cewa ƙasarmu da zafi. Ga Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, da tsofaffin Marsandi da sauran injinan wancan zamani, hujjar tana da ƙarfi: sararin da ke tsakanin ƙarafansu yana da faɗi, shekaru kuma sun ƙara buɗa shi. Amma Corolla ko Accord ta bayan shekarar 2000 ita ma yanzu tsohuwa ake ce mata, alhali injinta daban ne. Hanyoyin mai a cikinsa ƙanana ne, kuma da matsin man ne na'urar da ke sarrafa buɗewar bawul take aiki. Mai kauri yakan yi jinkirin isa gare ta da safe. Irin waɗannan 5W-30 ko makamancinsa aka tsara musu. Idan injin ya fara shan mai, ƙara mataki ɗaya zuwa 10W-40 ya wadatar. Tsallakawa kai tsaye zuwa 50 ɓoye ciwon yake yi, ringin fistin da ya cinye sai an canza shi.

Injinan da suka fi tsufa, irin na 504, suna amfana da sinadarin zinki da fosfaras da ake kira ZDDP, wanda ke kare inda ƙarfe ke danna ƙarfe da ƙarfi. An rage shi a sababbin mayuka marasa kauri saboda yana lalata matatar hayaƙin salansa, amma 20W-50 da 15W-40 galibi suna da isasshe.

Maganar cewa man sintetik, wato wanda aka harhaɗa da sinadarai a masana'anta, yana sa tsohuwar mota yoyo ba haka take ba. Ba ya cin roba. Abin da yake yi shi ne wanke daskararren dattin da ya toshe robar da dama ta riga ta bushe, sai ɗigon ya bayyana. Sai dai ga motar da ba ta yin nisa, tsadarsa ba ta cika biya ba, tunda watanni ne za su fitar da shi tun bai gaji ba.

Yadda mai ke lalacewa a motar da ke ajiye

Kowace litar fetur da ta ƙone tana haifar da kusan litar ruwa a matsayin tururi. Yawancinsa ta salansa yake fita, amma wani yakan ratsa gefen fistin ya sauka cikin mai, tare da ɗan ɗanyen fetur. Idan motar ta yi tafiya mai tsawo, man yakan yi zafin da zai kore su. Wanda tafiyarsa ba ta wuce daga Ƙofar Ƙaura zuwa Babbar Kasuwa ya dawo ba, yakan kashe mota kafin man ya kai wannan zafi. Ruwan ya taru, ya haɗu da sulfar da ke cikin hayaƙi ya zama asid, fetur kuma ya tsinka man. Ƙarshensa wani baƙin laka ne mai kama da kwalta da ke toshe matatar famfon mai.

Wata al'adar gareji tana ƙara dagula lamarin: cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye don gudun kada inji ya yi zafi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, man kuma ya zauna da ruwansa. Ga kuma ƙurar Disamba da Janairu, wadda idan ta wuce matatar iska mai tsaga ko mara zama daidai, cikin mai take ƙarewa tana cin ringi.

Lokacin juye

Littattafan motoci sukan kawo jadawali biyu, na aiki na yau da kullum da na aiki mai wahala. Gajerun tafiye-tafiye na ƙasa da kilomita 8, da ƙura, da barin mota a kunne a tsaye duk suna cikin na biyu, wato motar cikin gari a Katsina a can take ko da mai ita yana lallaɓa ta. A wannan jadawali, tsofaffin motoci da yawa kilomita 5,000 ko wata shida aka yanka musu. Motar da ke kan man sintetik mai kyau, tana kuma samun doguwar tafiya lokaci-lokaci, za ta iya kai shekara, amma ba a wuce nan ko da kilomita 1,000 kacal ta yi. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga nisa. Mil 3,000 ya kusa kilomita 4,800. Masu motar da ba ta yawan fita sukan ɗora juye a kan lokacin da ba a mantawa, misali ƙarshen hunturu da ƙarshen damina. A canza filta tare da man kowane karo. Tafiya ɗaya daga Katsina zuwa Daura, kimanin kilomita 80, tana isa ta ƙone ruwan da ya taru.

Dubawa da saye

Ana duba geji, wato sandar auna mai, mota na tsaye a wuri mai daidai, bayan an kashe ta da 'yan mintoci. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce a yawancin ƙananan motoci. Baƙin launi kaɗai ba shaida ba ce cewa mai ya mutu, haka ma murza shi tsakanin yatsu a ji yauƙi. Abin lura shi ne warin fetur, ko man ya ƙaru da kansa a geji, ko farin kumfa mai kauri a ƙarƙashin murfi. Kumfar na iya zama ruwan gajerun tafiya, amma idan ruwan lagireto ma yana raguwa, gaskit ɗin kan inji ake tuhuma.

Man awo da ake ɗiba daga duro a kwalba ba a san matakinsa ba, wani ma tsohon mai ne aka tace. Jabu kuma yakan zo a galan na gaske da aka sake cikawa, abin da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ke yawan gargaɗi a kai. Shi ya sa ake so mai mota ya sayi man da kansa a gidan mai ko wurin dila, ya duba hatimin murfi, a fasa galan ɗin a gabansa.