Gangar keken tsalle: tambayoyin da ɗan ƙanwata ya tsare ni da su

Ranar alhamis bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, ina zaune a rumfata kusa da Kasuwar Dole ta Damagaram ina liƙin taya, sai ga ɗan ƙanwata da waya a hannu. Ya nuna mini hoton gangar keke tsirara, ba taya, ba sarƙa, ba sirdi. Wata ƙaramar maƙera ce a Turai ta sake fito da ita da 'yan gyare-gyare. Shi da abokansa sun daɗe suna tsalle da kekunan gwanjo a tudun da masu tubali ke bari a bayan Birni, kuma ni ke miƙe musu ƙafafun da suka lanƙwasa. Ga yadda muka yi.

Kawu, wannan wane irin keke ne da bai yi kama da na kowa ba?

Keken tsalle ne, kuma aikinsa ke nan. Ana tara ƙasa a yi tudu biyu, ɗaya na tashi ɗaya na sauka, da rami a tsakani. Mahayi ya sheƙo, tudun farko ya cilla shi sama, ya juya ko ya saki hannu, ya dira a gangaren na biyu. Wasan ya samo asali daga BMX, ƙananan kekunan nan masu ƙafa inci 20 da yaran Kalifoniya suka fara tsere da su wajajen 1970, suna kwaikwayon masu babur. Daga baya masu keken hawan dutse suka shigo, aka haɗa jinin biyu. Shi ya sa za ka ga ƙafarsa inci 26 ce, giya ɗaya, birki ɗaya tal a baya, da abin shan gargada a gaba mai nutsewar kamar milimita 100. Baya kuwa ƙarfe ne sandararre.

Me ya sa wurin sirdin ke can ƙasa?

Don ba na zama ba ne. A tsaye ake tuƙa shi, sirdin an kawar da shi ne kada ya daki mutum a sama. In kana musu, hau shi ka nufi Mirriya, gwiwoyinka za su ba ka amsa tun kafin ka fita gari.

To me aka sabunta? Ni dai ban ga bambanci da tsohuwar ba.

Ba za ka gani da ido ba, domin a wannan sana'a da milimita ake magana. Ka dubi ƙarafa biyun nan da suka tashi daga wurin feda zuwa ƙafar baya. A keken hawan dutse na yau da kullum tsawonsu ya kan wuce milimita 420. A keken tsalle ana rage su zuwa wajen 380 ko 390. Ƙafar baya ta matso ƙarƙashin mahayi ke nan, da ɗan ja kaɗan gaba ya ɗaga. In maƙeri ya rage milimita biyar a nan, ƙwararre zai ji a jikinsa tun tsallen farko, kamar yadda mahayin doki ke gane an sauya masa linzami.

Sai wuyan gaba, inda cokalin da ke riƙe da ƙafar gaba yake shiga. Karkatarsa ta kan kasance wajen digiri 69. A miƙar da shi, keke ya yi saurin juyawa amma ya yi rawar kai a guje. A kwantar da shi, ya natsu amma ya yi nauyin sarrafawa. Masu sabunta ganga a shekarun nan sun fi karkata ga tsawaita gaban kaɗan, domin tudun da ake ginawa sun ƙara girma, gudun ya ƙaru, kuma dogon mutum ya daina tuƙi a tsugune.

Akwai kuma gyaran da zamani ke tilastawa. Wuyan da aka saba da shi a da faɗinsa ɗaya ne sama da ƙasa, inci 1 da ɗaya bisa takwas. Yanzu yawancin cokula masu kyau ƙasansu ya fi faɗi, inci 1.5, saboda haka dole a buɗa wuyan ya karɓe su. Haka bakin da ƙafar baya ke shiga: tunda giya ɗaya ce, babu abin da ke ɗaure sarƙa sai a ja ƙafar baya, don haka ake yin bakin da tsaga doguwa, wasu su ƙara ɗan noti na ja. Ni a ganina wannan notin ya fi sabon fenti daraja sau goma. Wanda sarƙa ta taɓa zame masa yana daf da tashi ya san abin da nake faɗi.

Ƙarfe ce ko sanholo?

Kamar wannan ta hotonka, yawancin ƙananan maƙera ƙarfe suke aiki da shi, wani nau'i da ake kira 4130, wanda aka gauraya da ɗan kuromiyam da molibdinam. Yana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa ake iya yin bututunsa siriri. Kyakkyawan bututu ma ba kauri ɗaya gare shi ba: bakinsa inda za a yi walda ya fi kauri, tsakiyarsa an rage, wani wurin bai kai milimita ɗaya ba. Reynolds na Ingila da Columbus na Italiya sun yi suna a irin wannan bututu. Gangar ƙarfe ta kan kai kilo biyu da rabi, ta sanholo ta ɗan fi ta sauƙi.

Amma mu nan Damagaram, ƙarfe nake zaɓa. Sau da yawa ya kan lanƙwasa ko ya nuna tsaga kafin ya rabu, ka samu damar gani. In ya tsage kuma, mai waldar gas da ya iya hannunsa zai ɗinke shi da tagulla. Sanholo irin 6061 in an yi masa walda sai an sake gasa gangar gaba ɗaya a tanda ta musamman kafin ƙarfinta ya dawo. Wanda aka liƙa a bakin titi, kallon lafiya kawai yake yi maka.

To me zai hana mu kai hoton wurin mai walda a Sabon Gari ya ƙera mana?

Ban raina maƙeranmu ba. Mutanen da ke ƙera kura da amalanke da ƙofofi masu shekara talatin ba a koya musu wuta. Matsalar kayan aiki ce. Bututun famfo da na gado nauyi gare su kuma ƙarfensu mai laushi ne. Siririn bututun kirki kuwa, waldar sanda huda shi take yi kamar an ɗora garwashi a leda. Can Turai suna amfani da waldar TIG, mai iskar argon da ke kare narkakken ƙarfe, kuma suna ɗaure bututun a kan wani teburin awo don kada zafi ya karkatar da su. In wuyan gaba ya ɓalle lokacin sauka, fuska ce ke fara isa ƙasa. Na taɓa ganin yaron da hakan ta faru da shi a kan gangar da aka yi wa faci, haƙora biyu ya bari a wurin, uwarsa kuma ni ta zo ta yi wa faɗa.

Ƙaramin maƙeri ya fi babban kamfani ne?

Ba lallai ba. Abin da ya fi su da shi, yawanci shi ma mahayi ne, yana yin 'yan kaɗan, in mahaya sun yi ƙorafi sai ya gyara a zubi na gaba ba tare da dogon taro ba. Ka kuma sani, da yawa masu ƙaramin suna zane kawai suke yi, a ƙera musu a Taiwan. Wannan ba aibi ba ne, masu waldar can gwanaye ne.

In na samu gangar, kayan rumfarka za su shiga?

Wasu. Taya za ta samu, amma ka kula, inci 26 ba ɗaya ba ne. Ta keken hawan dutse da'irar bakinta faɗinta milimita 559 ne, ka duba an rubuta a gefen tayar. Akwai wata 26 ta tsofaffin kekunan Ingila mai 590, ba ta shiga. Ta Phoenix irin ta kakanka kuwa 635 ce, kada ma ka ɗauko. Sarƙar giya ɗaya da feda ba wuya. Cokalin gaba, da birkin faifai, da cibiyar ƙafar baya da ta dace da faɗin gangar, su ne za su sa ka aika Kano, wataƙila ma fiye da Kano.

Nawa za ta ci?

Irin waɗannan ganguna ɗaruruwan yuro ake sayar da su, tsirara yadda ka gani. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ka ga ko 500 aka ce, jika 328 ke nan, ba a zo maganar jirgi da duwan ba. Ka lissafa buhun hatsi nawa ne, sannan ka je ka faɗa wa uwarka da bakinka, ni ba ruwana.

To Kawu, mu haƙura ke nan?

Wa ya ce? Ka nemo ƙaramar gangar ƙarfe a cikin na gwanjo, mu cire giyoyin mu bar ɗaya, mu sauke sirdi, in ɗaure maka ƙafafun da kyau. Kuɗin farko kuma hular kwano za su saya. Abin da ya fi damuna da wurin wasanku ƙasar ce. Rairayi ba ya riƙe tudu, taya na taɓa bakinsa yake rushewa, shi ne ke kifar da ku. Yumɓu ake so, irin wanda masu tubali ke haƙa a kududdufi, a jiƙa shi, a daddaɓe da bayan shebur har ya yi sumul kamar daɓen ɗaki. Wannan kuwa ruwa yake ci, kuma ka san yadda ruwa yake a garin nan, ba wanda zai sayi garwa a watan bazara ya zuba wa tudu. Saboda haka ku yi ginin a ƙarshen damina, kududdufi na da ruwa, ƙasa na da laima, hunturu ya zo ya busar muku da shi. Ku fara da tudun da aka cike tsakiyarsa, wanda bai wuce gwiwa ba, in tsalle ya gaza ka sauka a kan fili. Ku nemi izinin masu tubalin tukuna. Kuma ku share tsidau kafin ku hau, don na gaji da liƙa muku taya bashi.