Dausayin da ake ginawa ba kududdufi ba ne

Duk damina in ruwa ya yi ɓarna sai ka ji wani a rediyo yana cewa a gina dausayi, kuma in ka saurare shi da kyau rami kawai yake nufi inda ruwa zai taru. To ai wannan kududdufi ne, irin wanda ake bari bayan an haƙi ƙasar gini, sauro ya samu gida.

Shi dausayin da ake ginawa tsara shi ake yi don ruwan da ya wanko titi da kwata, da baƙin mai da takin zamani da kashi, ya bi ta ciki a hankali ya fita da sauƙin datti. Wata masaniyar tsirrai a Jamus, Käthe Seidel, ita ta fara gwajin tace ruwa da ciyayi a shekarun 1950.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cewa wai ciyawar ce ke shanye dattin. Kaɗan take ɗauka fa. Babban aikinta ta rage wa ruwa gudu, don da zarar ruwa ya lafa yashi da laka sai su kwanta a ƙasa, kuma sinadarin fosfaros da ɓurɓushin ƙarafa irin su dalma manne suke da lakar, tare suke nutsewa, shi ya sa ake yin wani rami mai ɗan zurfi tun a bakin shiga. Sauran aikin na ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin saiwa da kara. Su ke narkar da mai, su kuma ke juya naitirojin na taki ya zama iska ya tashi, wannan a cikin laka inda babu iskar shaƙa. Rana ma tana kashe wasu ƙwayoyin cuta.

Amma dalma ba ta narkewa ko ta tashi, tana nan kwance, dole lokaci-lokaci a yashe lakar a kai ta inda ba za ta cuci kowa ba, a kuma yanke ciyawar, don in ta ruɓe a ciki abin da ta ɗauka cikin ruwan zai koma. Kachalla ma da ake yawan shukawa a irin waɗannan wurare, ku tambayi manoma da masuntan Hadeja da Nguru yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa. Duk wanda ya yi alkawarin dausayi, a tambaye shi kuɗin yasa da yanka na kowace shekara daga ina za su fito.